Kofin da Bayansa Ba Ya Zafi

Duk yarinyar da ta zo rumfata ta ce tana son koyon sayar da kayan jarirai, ba na tambayarta ko ta iya lissafi. Kofi nake miƙa mata, na ƙarfe, mai murfi da hannuwa biyu, in ce ta gaya mini abin da ke ciki, mai zafi ne ko mai sanyi. Sai ta juya shi, ta girgiza, ta kara a kunne, wata har ta shinshina. Daga baya ta yi dariya ta ce, "Tanti, ai ba a ganewa." In ce mata to zauna, yau kika fara aiki. Su a ganinsu sana'ar nan zama ce a inuwa ana latsa salula, masu goyo suna zuwa suna zaɓar launi. Ni da na tsufa a cikinta, kayan da ke gabana ma ban gama gane kansu ba.

Sunana Rabi, amma a kasuwar Filinge in ka ce Rabi sai an tambaye ka wacce. Ka ce Mai Bibiron, kowa ya nuna maka rumfata. Bibiron ita ce kwalbar nan mai kan roba da ake ba jariri madara, kuma ni na fara baza ta a layinmu, shi ya sa sunan ya bi ni.

Aikin farko da Gwaggo Gambi ta ba ni shi ne zaɓen ludayin yaye. Gwaggo ƙanwar babana ce, ƙorai da ludaya take sayarwa, ni kuma ina 'yar budurwa nake ɗaukar mata kaya. Ludayin yaye ƙarami ne, kuma sai an goge bakinsa da dutse ya yi santsi don kada ya yanki leɓen yaro. Za ta sa in ƙwanƙwasa shi da farce in ji ko ya tsage, in jiƙa shi in lasa in ji ko da sauran ɗaci. In na ce ya yi, sai ta karɓa ta lasa da kanta, ta harare ni, ta jefa shi cikin tarin na banza. Ba ta bayani, Allah ya ji ƙanta, harara ce karatunta. A wajenta na ga yadda ake auna zafin kunun yaro: a zuba a ɗan ƙoƙo, a kara gindin ƙoƙon a kumatu. In kumatu ya ɗauka, bakin yaro zai ɗauka. Haka uwata ke yi, haka kowace tsohuwa a ƙasar Kurfai ke yi, har ba wanda ya ɗauke shi wani abin koyo.

Da bibiron ta zo ban sha wahalarta ba. Ana ganin abin da ke cikinta, in da zafi hannu ya ji, in ta yi datti ido ya gani. Tarmos ma na gane shi, tunda na manya ne, mai zuba ruwan shayi a ciki ya san abin da ya zuba. Kofin yaye shi ne ya zo ya rikita mini lissafi.

Ranar da na fara buɗe kwalinsu a Yamai nake, a shagon mutumin da nake sarin kaya wajensa. Ya ce mini yanzu likitoci ba sa son yaro ya daɗe a kan bibiron, wai tana ɓata haƙora, wannan shi ake yayi. Na leƙa kwalin na ga abin da ya fi ƙarfina. Akwai mai baki mai tauri kamar na buta, akwai mai baki mai laushi, akwai mai tsinken zuƙa, akwai wanda ba shi da baki sam, wai yaro ya ciji gefe ruwa ya fito. Wasu na roba ne, wasu na ƙarfe mai bango biyu, wanda ya ce yana riƙe sanyi yana riƙe zafi. Na tambaye shi wanne ne na ɗan shekara ɗaya, wanne ne na mai tafiya. Ya zaro takardar da ke ciki, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, rubutun ba Faransanci ba ne, ba kuma Larabci ba. Ya mayar ya ce, "Hajiya, duk na yara ne." Da wannan ilimin na hau mota na dawo gida.

Tunda ba mai koya mini, sai na koma irin ta Gwaggo. Kowane kofi in cika shi da ruwa in kife, in ga ko yana ɗiga. In sake shi daga tsayin gwiwa ya faɗi ƙasa, don yaro ba ya ajiye abu, jifa yake. In kwance murfin in ciro ɗan robar nan da ke tare ruwa, in ga ko yatsa zai shiga wajen wanki. Mai tsinken zuƙa na gane ba namu ba ne, koko ɗaya za a zuba a ciki ya kwana, gobe tsamin ya kore ka. Na ƙarfen kuma wani bango biyun gaskiya ne, wani fenti ne kawai. Sai in jefa galas, wato ƙanƙara, a ciki da safe in rufe, in duba da azahar. Wanda na samu ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba, shi nake sawa a gaba. Sanyi kawai nake gwadawa, domin a garinmu sanyi shi ne abin nema.

Duk da haka in mace ta tsaya ta ce wanne ya fi, sai in rasa wanda zan nuna mata. Wannan ta ce ɗanta ya ƙi mai tauri, waccan ta ce nata ya cinye mai laushi da haƙora. Wata ta dawo da kofi ta ce ba ya fitar da komai, wata ta dawo da irinsa ta ce yana zuba kamar famfo. Kofi ɗaya ne, kwali ɗaya. Har yau ban san yadda haka ke faruwa ba.

Cinikin da ba na mantawa shi ne na Zalika. Malama ce a lakwal, wato makarantar boko, yarinya mai natsuwa, ɗanta na fari sunansa Isufu. Saboda aiki, da rana bibiron yake sha, in ta dawo ta ba shi nono. Da lokacin yaye ya yi sai ta ce za ta raba shi da duka biyun gaba ɗaya, ta kai shi wajen uwarta, Inna Hajo, a wani ƙauye ta wajen Damana. Haka ake yi a wajenmu. Kaka ce ke yaye, uwa kuma ba ta leƙawa sai yaro ya manta da nono, don in ya gan ta aiki ya koma baya. Bazara ce lokacin, irin wadda ruwan randa ma ɗumi yake yi, shi ya sa ta zo neman abin da zai riƙe wa yaron ruwa da sanyi.

Ta daɗe a rumfata har inuwa ta matsa. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ba Isufu ya riƙe, ya jefar.

"Tanti Rabi, ke wane kika gani ya hi?" in ji ta.

Na ce, "Wallahi ɗiyata, kowane da halinai. Amma in sanyi kike so, wanga na ƙarhe ya hi. Abin da kinka zuba, haka za ki ishe shi. In sanyi sanyi, in zahi zahi."

Ta ɗauki kore na ƙarfe mai baki mai laushi, don ya yi kama da kan bibiron ɗin da ya saba. Isufu ya kama hannuwan biyu ya kai baki yana dariya. Muka yi dariya mu ma, na yi mata fatan a yi yaye lafiya, ta tafi.

Kasuwar da ta zagayo, da hantsi, ina jera kaya sai na ga tsohuwa ta tsaya a kaina, doguwa, busasshiya, da goyo a baya. Ban san ta ba, amma na san koren kofin da ke hannunta. Ta dangwarar da shi a kan teburina.

"Ke ta Mai Bibiron?"

Na ce ni ce, Inna, sannu da hanya.

"Mi kinka saida muna? Mi na cikin abin ga?"

Ta kwance goyon ta juyo da shi gaba. Isufun da ya jefar mini da kofuna yana dariya, shi ne wannan ya langaɓe, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsage. Yana kuka, amma ba hawaye, murya ma da ƙyar take fita.

Ta ce tun ranar da ya fara sha a kofin ya ƙwala ihu ya ture shi. Ta ɗauka rigimar yaye ce, ta bar shi ya huce, ta sake ba shi, ya sake ihu. Daga nan ya kulle baki. Ta gwada ludayi ya ƙi, ta gwada ƙoƙo ya ƙi, ko ruwa sai ta matse masa kumatu ta ɗiga, rabi ya zube. Ita da ta yaye jikoki ba iyaka, babu wanda ya taɓa yi mata haka. Har wajen wata tsohuwa mai bori ta kai shi a ƙauyensu. Matar ta duba shi da kyau ta ce wannan ba nasu ba ne, a kai shi likita. Shi ne ta hau motar kasuwa, amma ta ce sai ta fara ganin wadda ta sayar da abin.

Na ce, "Zalika ta sani?"

Ta ɗauke kai. Zalika 'yar farinta ce, ba ta kama sunanta. "Uwar yaron ga ba ta ganin shi sai an gama. Ba ni za a ce na kasa riƙon maigidana ba." Maigidan nata shi ne jikan, irin wasan kaka da jika, amma a ranar ba wasa a muryarta.

Kafin ka ce me, mata sun cika rumfar. Wannan ta ce fentin kofin ne, waccan ta ce ƙarfe ba ya shiri da jinin wasu yara. Wata ta ce baki ne, yaron ya cika kyau. Wata ta ce kewar uwa ce kawai. Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. Na ɗauki kofin na duba, ba tsatsa, ba tsaga. Na shinshina bakin, ƙanshin koko ne. Na lura ɗan robar da ke tare ruwa ba ya ciki, na tambaya, ta ce ta cire shi don yana hana koko fita, kuma wannan ba laifi ba ne, mata da yawa suna yi. Kofin da nauyi, ta ce kokon da ta dama da asuba ne ta zuba, ko zai karɓa a hanya. Na riƙe shi a tafin hannuna, sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga gindin randa.

Ba wata dabara ce ta zo mini ba. Na rasa abin yi ne kawai, na ce bari in ɗanɗana ko kokon ne ya yi tsami. Na kai bakin kofin bakina na zuƙa yadda yaro zai zuƙa.

Ban san lokacin da na yi jifa da shi ba. Harshena, dasashina, har maƙogwaro, kamar na haɗiyi garwashi. Na tofar, hawaye suka zubo mini, ni babba da haƙorana. Murfin ya ɓalle da ya bugi ƙasa, kokon ya malale, tururi yana tashi. Kokon asuba, ga hantsi ya ɗaga.

Inna Hajo ta durƙusa ta taɓa kokon da yatsa, ta janye da sauri. Ta ɗauki kofin ta kara a kumatunta, ta daɗe a haka. Ta sauke ta dube shi, ta sake karawa.

"Na aza shi ga kumcina," in ji ta, a hankali. "Kullum sai na aza. Sanyi shika yi. Ni ban taɓa ba yaro abu ban aza ba."

Me za a ce? Ta yi abin da uwarta ta koya mata, abin da Gwaggo Gambi ta koya mini. Tana sauke koko daga wuta ta zuba ta rufe, ta jira yadda ake jira, ta kara a kumatu ta ji sanyi, ta ba yaro. Ni na ce yana riƙe zafi, Zalika ta ji sanyi kawai don sanyi ta zo nema, tsohuwa kuma an ce mata kofin yaro ne. Na sha juya maganar nan a raina, ban gano inda ta karkace ba.

Na bar rumfar a hannun maƙwabciyata, na zari bibiron sabuwa, muka nufi likita. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya buɗe bakin Isufu da ɗan katako ya haska. Ciki duk ya saluɓe, harshe da ganɗa sun yi fari-fari. Ya ja fatar cikinsa ya saki, ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce ƙunar za ta warke, rashin ruwan ne abin tsoro, kuma da wannan zafin gari yaron ba shi da sauran lokaci mai yawa. Ya haɗa ruwan gishiri da sukari ya gwada da cokali, Isufu ya kulle baki. Na zuba a bibiron na miƙa, yana jin roba ta taɓa leɓensa ya sandare yana kakari. Ni da ake kira Mai Bibiron, na tsaya da ita a hannu kamar wata sakarya. Majo ya shiga neman jijiya don ya sa masa ƙarin ruwa, ya duba hannu ya duba ƙafa, jijiyoyin duk sun ɓuya.

Yana cikin nema ya ce, "Ina uwatai? Da sauran nono gare ta?"

Inna Hajo ta ce, "Yaye mukai."

"Na ji, Inna. Amma abin da yaron ga zai yarda da shi yanzu guda na."

"Nonon da anka bari ya kwana biyu ba a komawa gare shi. Ɓaci shikai."

"Bai ɓaci ba, Inna. Ni dai na hwaɗa miki."

Ya ci gaba da neman jijiyarsa. Tsohuwa ta tsaya da koren kofin a hannu, don ta tsince shi ta taho da shi. Na san abin da ke ranta. In aka kira uwa, yaye ya karye a hannunta, kuma ƙauye guda zai ji. Ga abin da ta gada game da nonon da aka bari, wanda ita a wajenta ba wasa ba ne. Ni ma a lokacin ban san wanda zan bi ba, don da wannan maganar aka raine ni. Isufu ya yi wani ɗan kuka siriri, ya yi shiru. Shirun ya fi kukan tayar da hankali.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke Mai Bibiron. Kina da lambar waccan?"

Na ce ina da ita.

"Kira ta."

Zalika ta iso a kan babur, da alli a hannunta har gwiwar hannu, kallabi a karkace. Ta ga ɗanta ta yi wani sauti da ba na son in sake ji. Ta ɗauke shi, ta zauna a bakin gado, hannunta ya kai wuyan rigarta, sai ta tsaya. Ta dubi uwarta. Duk karatunta, ba za ta karya yaye a gaban tsohuwa ba sai da izini.

Inna Hajo ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska.

"Ni ban ga komi ba," in ji ta.

Isufu ya shinshina, ya kau da kai, ya dawo. Ya kama ya saki don zafi, ya sake kamawa. Sai muka ji yana haɗiya. Majo ya ajiye allurarsa ya ce a bar shi ya sha, in ya ɗan farfaɗo za a bi da ruwan gishirin kaɗan-kaɗan. Tsohuwa tana nan fuskarta a bango, ba ta juyo ba sai da yaron ya yi barci.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata a kasuwa. Labari ya bazu har Abala, kuma kowane baki da yadda ya juya shi. Aka ce kofunan Mai Bibiron suna dafa abu da kansu, aka ce akwai wuta a tsakanin bangon. Mata suka riƙa dawo mini da nasu, har da na roba waɗanda ba ruwansu. Na yi bayani har na gaji, wasu su ce to in yana riƙe zafi me ya sa bayansa ba ya zafi, ni kuma in rasa amsar da za ta gamsar da su, don ni ma ba ta gamsar da ni ba. Kaya suka zauna suna shan ƙura har damina ta wuce. Na yi niyyar in daina sarinsu, sai ga bazara ta dawo, masu neman ruwan sanyi suka dawo da ita.

Shi ya sa yanzu in mace ta zo, ba na fara tambayar watannin yaro. Ina tambaya wa zai riƙa ba shi. In ta ce kakarsa, sai in ce ta turo mini kakar, ko ta ɗauki na roba wanda ake ganin cikinsa. In ta nace sai na ƙarfe, in sa ta yi mini alkawari ruwan sanyi kawai za a zuba, in kuwa koko ne a huce shi a ƙoƙo tukuna, a ɗiga a bayan hannu. Wanne ya fi a cikinsu, wannan kada ku tambaye ni. Na ƙarfen ya kusa kashe yaro a gabana, kuma shi ne dai ke ba yara ruwan sanyi a watan da ƙasa ke ƙuna.

An sake yaye Isufu bayan damina, a hannun kakarsa, da ludayi. Yanzu yana lakwal, ba ya tuna komai. Koren kofin yana wajen Inna Hajo, ta hana a yar, da shi take tafiya gona da ruwanta. Kwanakin baya ta biyo ta rumfata ranar kasuwa, ta zauna ta huta, ta ciro shi daga ƙullin zanenta za ta sha. Ruwan da ita ta zuba da hannunta ne, amma sai da ta kara shi a kumatu tukuna.

Na ce, "Inna, har yanzu? Ai kin san ba ya hwaɗi."

Ta dubi kofin, ta dube ni.

"Na sani," in ji ta. "To da mi zan auna?"

Ta buɗe ta sha ruwanta.